Kwana a Tiga, Sammako a Falgore: Yadda Ake Shirya Fita Kallon Namun Daji

A arewacin ƙasar Ruwanda, a gindin tsaunukan Birunga, baƙo kan biya dala 1,500 domin a ba shi izinin tsayawa sa'a guda tak a gaban iyalin goggon biri. Kuɗin izini ke nan kawai. Masauki daban ne, kuma a manyan cikinsu, irin su Bisate da Singita Kwitonda, kwana ɗaya yakan haura dala 1,000 ga mutum guda. Duk da wannan tsada rububi ake yi, sai mutum ya kama gurbi tun saura watanni.

Mu a Kudancin Kano ba mu da goggon biri, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin giwa ko zaki ba. Abin da Allah ya ba mu shi ne dajin Falgore, da ruwan Tiga, da duwatsun Riruwai, ga su nan a jere kusan kan hanya ɗaya. Sana'ar kuwa iri ɗaya ce ko a Ruwanda ko a Doguwa: a kwana kusa da daji, a yi sammako, a bi wanda ya san sawu, a kiyaye dokar dawa, sannan a bar wani abu a hannun mutanen da ke maƙwabtaka da dajin. Wanda ya riƙe waɗannan zai ga abin da ya fito gani ko da a tabarma ya kwana. Wanda ya sake su, komai tsadar ɗakinsa, itatuwa kawai zai kalla ya dawo.

Yadda suke yi a can

Bari mu fara leƙa tsarin Ruwanda, domin can ne sana'ar ta nuna. Goggon birin tsauni babu shi ko'ina a duniya sai wuri biyu: tsaunukan Birunga, waɗanda Ruwanda da Yuganda da Kwango suka raba, da kurmin Bwindi a Yuganda. A farkon shekarun 1980 waɗanda suka rage a Birunga kimanin 250 ne. Bayan ƙidayar Bwindi ta 2018, jimillarsu a wuraren biyu ta kai 1,063. Doka ce ta dawo da su, da kuɗin baƙi.

Ƙarfe 7 na safe kowa ya hallara a ofishin gandun da ke Kinigi, kusa da garin Musanze. A raba baƙi rukuni-rukuni, kada kowanne ya wuce mutum 8, kowane rukuni da iyalin da zai ziyarta. Yaron da bai kai shekara 15 ba ba ya shiga. Mai mura ko tari shi ma sai ya haƙura, domin cutar mutum tana kama biran. Tun baƙi ba su gama shan shayi ba masu bin sawu sun riga sun hau dutse. Sun san inda biran suka yi sheƙa suka kwana jiya, daga nan suke ɗaukar sawu, suna sanar da ɗan rakiya ta oba-oba. Idan an iso, a ajiye jaka da sanda da abinci daga nesa, a rufe baki da hanci, a tsaya nesa da su, a yi ƙasa da murya. Sa'a na cika a juya.

To masaukin mene ne aikinsa? Wurin ya haura mita 2,000 sama da teku, ga sanyi ga ruwa ga taɓo. Saboda haka alatun da ake biya wa kuɗi su ne murhu a ɗaki, da gorar ruwan zafi a cikin bargo, da karin kumallo tun gari bai waye ba, da mota a shirye a bakin ƙofa, da wanda zai karɓi takalminka da ka dawo ya wanke taɓon ya shanya kafin gobe. Duk wata ƙawa da ta biyo baya ƙari ce. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa ba ya cikin ɗakin. Tun 2005 gwamnatin Ruwanda take ware wa ƙauyukan da ke kewaye da gandayen kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka samu, a 2017 ta mayar da shi kashi 10. Masaukin Sabyinyo ma mallakar wata ƙungiyar mutanen yankin ce mai suna SACOLA, kamfani yana gudanar da shi yana biyan su. Da yawa daga cikin 'yan dakon da ke ɗaukar wa baƙi jaka, a da masu ɗana tarko ne. Mutumin da ɗansa ke karatu da kuɗin biri ba zai ɗana wa biri tarko ba.

Namu dajin

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe Falgore a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shiga ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya miƙa gabas wajen dajin Lame-Burra na Bauchi. Daga birnin Kano kimanin kilomita 150 ne, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa shi. Kogin Kano ma ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a Tiga. Saiwoyin doka da maje da marke su ne ke riƙe ƙasar da ruwan sama zai wanke ya cike dam da yashi, don haka manomin shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura yana da rabo a Falgore ko bai taɓa taka shi ba.

Marigayi Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ya hango wannan arziki tun da wuri. A zamaninsa aka gina dam ɗin Tiga, aka kammala a 1974, aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka yi otal ɗin Bagauda a ƙasar Bebeji, aka buɗe Gidan Zoo a birni. Bagauda yau reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ce. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya Falgore cikin gandaye goma da za a mayar na ƙasa.

Gaskiya dai dajin ya sha wuya. Masu gawayi sun ci kirya da marke, an yi kiwo an yi farauta an yi noma a gefensa, akwai kuma shekarun da ɓarayin shanu suka mayar da shi maɓoya. Ɓauna da zakin da dattawa ke ba da labari, kada ka sa rai da su. Abin da za ka fita nema shi ne bika, babban birin nan mai bakin kare, da jan biri da kirka, da gada da mazo da mugun dawa, da dila da zomo da kurege, da guza da damo. Tsuntsaye kuwa sai ka gaji da kallo: zabin daji, fakara, cilakowa, shaho, in ka taki sa'a har da burtu. Ka kuma sani a Ruwanda akan yi wajen shekara biyu ana sabar da iyalin biri guda da ganin mutane kafin a kai musu baƙi. Namu ba wanda ya sabar da su. A wurinsu duk mai ƙafa biyu maharbi ne. Gani ɗaya na daƙiƙa goma, gada ta tsaya ta ɗaga kunne kafin ta yi tsalle, shi ne ribar safiyar, kuma ya isa.

Wata da izini

Kada ka je da damina. Gamba ta fi mutum tsawo, rafuka sun cika, hanyoyin cikin daji sun zama laka, dabba tana iya kasancewa taku biyar da kai ba ka gan ta ba. Da kaka ma duhuwar ba ta sake ba. Lokacin fita daga Disamba ne zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta kwanta, ganye ya zube, ruwa ya janye ya koma 'yan gurabe, komai mai rai dole ya zo mashaya. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiya, sai dai hazo yana rage hangen nesa. Fabrairu ya fi kowane wata a ganina. Afrilu kuwa zafinsa ba na wasa ba ne, balle in ya haɗu da azumi.

Izini shi ne farkon komai, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Falgore ba filin shan iska ba ne da za ka tsayar da mota a bakin titi ka kutsa. Ka fara da hukumar kula da Gidan Zoo da namun daji ta Jihar Kano, wadda ofishinta yake Gidan Zoo. Ka rubuta takarda mai ɗauke da sunayenku, da ranar shiga da ta fita, da lambar mota, da abin da ya kai ku. Ka tambaye su wane ɓangare ne a buɗe, wane ma'aikaci zai karɓe ku a can, kuma ko akwai buƙatar sanar da Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa. Sojoji suna atisaye a wani sashe na dajin, saboda haka shiga ba sanarwa haɗari biyu ne: na mugu da na mai tsaron da bai san da zamanka ba. Ka biya ta ofishin 'yan sanda na yankin a rubuta zuwanku.

Bayan hukuma sai sarauta. Ka sauka wurin dagaci ko mai unguwar garin da za ku shiga ta gefensa, ka cire takalmi, ka yi gaisuwa, ka ajiye goro, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, mun zo ganin daji, muna neman albarka da ɗan rakiya." Su ne suka san wanda ya shiga jiya da wanda bai fito ba. Idan suka ce maka, "A bari tukuna," to ka bari. Kada ka tsaya jayayya don ka riga ka sha mai. Ka juya Tiga ka yi kallon ruwa, dajin ba inda za shi.

Sauran ƙa'idojin tsaro gajeru ne. Ba a bin hanyar dajin da dare. Ba a sanar da tafiya a Facebook ko TikTok sai an dawo gida. Ku kasance tsakanin mutum huɗu zuwa takwas, domin ƙasa da haka kaɗaici ne, sama da haka hayaniya. A bar wa wani a gida sunan gari da sunan ma'aikacin da ya karɓe ku da lokacin da ya kamata a ji ku, tunda sabis yana ɗaukewa a ciki.

Ɗan rakiya

Da ɗan gari kan ci gari. Mutum biyu kake buƙata: malamin daji, wanda yake da ikon hukuma, da tsohon maharbi, wanda yake da ido. Idan kuɗinka bai kai ga ɗaki mai kyau da maharbi mai kyau gaba ɗaya ba, ka rage ɗakin.

Gane na ƙwarai ba wuya. Ka zauna da shi da yamma ka ce, "Baba, a wannan wata wace mashaya ce ba ta ƙafe ba? Me ka gani a makon nan, kuma a ina?" Wanda ya san daji zai ba ka amsa da sunan rafi da sunan dutse, ya faɗi abin da ya gani da wanda sawunsa kawai ya tarar. Wanda ya fara rantse-rantse yana yi maka alkawarin damisa, ka yi masa godiya ka sallame shi. Ku gama ciniki tun a daren, kuma ku yi shi a kan yini, kada a kan yawan dabbar da aka gani. Duk ranar da ka ce za ka ƙara kuɗi in an nuna maka kaza, ka sa shi ya kori dabba daga maɓoyarta ko ya cinna wa ciyawa wuta don ya faranta maka. Ku kuma yi sharaɗi a fili: ba harbi, ba kare, ba tarko, ba wuta. Ka biya shi fiye da abin da gada za ta kawo masa a kasuwa. Wannan shi ne dukkan sirrin Ruwanda, an rage masa girma ya dace da aljihunmu.

Inda za a kwana

Mutane da yawa suna kwana a otal ɗin birni su ce za su yi sammako. Kilomita 150 ba ta barin mutum ya yi sammako. Kafin ka wuce Kwanar Dangora ka kai Tudun Wada rana ta take, dabbobi sun shige inuwa, sai ka yini kana kallon kututture. Dole a kwana a kudu.

Tiga ita ce ta fi daɗin zama. Ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, ga iska, ga tarwaɗa da karfasa daga hannun masunta kai tsaye. Rock Castle tsohon gini ne, shekaru sun taɓa shi, don haka ka aika wani ya duba maka ɗaki da ruwa da wuta kafin ka kwaso iyali. Illar Tiga ɗaya ce: daga nan zuwa bakin dajin ya fi tafiyar sa'a guda, kuma mun ce ba a fita da duhu. Dabarar ita ce a yi daren farko a Tiga a huta, washegari da la'asar a matsa Tudun Wada ko wani gari na bakin daji, a kwana a gidan saukar baƙi ko inda ma'aikatan gandun suka nuna, a shiga daji da safe, a dawo Tiga a yi daren ƙarshe. Mutumin Badafi ko Bebeji ko Kiru ma ya fi kowa sauƙi, tunda rabin tafiyar a ƙofar gidansa take.

Ko wane masauki ne, ga abin da za ka auna shi da shi. Akwai ruwa a ɗaki ko a randa, ba sai an tashi nema da asuba ba? Akwai gidan sauro, ko ƙusar da za ka rataya naka? Za a iya dafa muku shayi da ƙwai kafin a idar da sallar asuba, a kuma ƙulla muku na rana? Akwai inda mota za ta kwana a killace, da mai gadi? In da mata a tafiyar, akwai kewaye mai sutura da ɓangarensu daban? Mai gidan ya san malaman daji da sunansu? Sannan ka leƙa madafa. Idan aka yi maka tayin naman gada ko na zabon daji a matsayin karramawa, ka ƙi cikin ladabi, ka kuma faɗi dalili: ka biya kuɗi ne don ka gan ta da rai, kuma baƙon da zai zo bayanka ita zai zo nema. Talabijin da firji ba su cikin lissafi. Ƙarfe tara na dare ya kamata ya same ka a kwance.

Kaya kaɗan ne. Riga mai dogon hannu da wando mai kauri, masu launin ƙasa ko toka. Fari yana tona ka daga nesa, baƙi da shuɗi kuma suna jawo ƙudan tsando. Takalmi sau-ciki wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa doguwa da za ka cusa bakin wando a ciki saboda kaska da ƙarangiya. Malfa, rigar sanyi ta safe, ruwa aƙalla lita 3 kowane mutum, dabino ko ƙuli-ƙuli, tocila, madubin hangen nesa ko da guda ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa, da ƙullin gishiri da sukari na haɗa ruwa idan zafi ya kayar da wani. Turare kuma a bar shi a gida. Na san wannan yana yi wa Bakano wuya, amma hancin mazo ya fi idonsa.

Safiyar shiga

Ku yi asuba, ku karya, gari na fara haske ku kama hanya, yadda fitowar rana za ta same ku a ƙasa kuna tafiya. Sa'o'i uku na farko su ne kasuwar. A kashe ƙarar waya. Maharbi a gaba, ku a bayansa ɗaya bayan ɗaya, malamin daji a ƙarshe.

Abu na farko da za ka ga ya yi, zai tsuguna ya ɗebi ƙura da yatsu biyu ya sake ta. Inda ta nufa can iska take kai warinku, saboda haka za ku fuskanci inda take fitowa. In ya yi ta karkata hanya kana ganin kamar ɓata lokaci yake, iska yake bi. Ka taka inda ya taka, ka ɗaga ƙafa sama da busasshen ganye, in ya tsaya ka tsaya, in ya tsuguna ka tsuguna. Nuni da haɓa ake yi ko da ido, ba a miƙa hannu.

A bakin mashaya za ka ga abin da ka biya kuɗi dominsa. Kai laka kawai kake gani da ramuka. Shi kuwa zai ɗauki tsinke ya fara rarrabe maka su. Wannan ɗan kofato mai tsini, rabe biyu, da bai wuce gaɓar babban yatsa ba, gada ce. Wancan da ya fi shi girma da zurfi mazo ne. Ga wani kamar tafin hannun yaro da yatsu biyar, bika ne, kuma da yawa suka zo, ga na uwa ga na ɗa. Inda aka tone ƙasa aka bar gurbi biyu a gaba, mugun dawa ne ya durƙusa a kan gwiwa yana haƙar saiwa. Farin kashin can da ya bushe kamar alli na kura ne, ƙashin da ta tauna ne ya mayar da shi haka. Sai ya nuna maka sawu biyu iri ɗaya ya ce, "Wannan na jiya ne, wannan na yanzu." Ka duba da kyau: na jiya bakinsa ya zube, iska ta zuba masa ƙura, zabi sun bi ta kansa, na yanzu bakinsa a tsaye yake, ruwa bai gama tsatsowa cikinsa ba. Zai fasa kashin da tsinken ya ga ko cikinsa da danshi. Daga nan zai san ko a bi ko a zauna.

Sau da yawa zama ya fi bi. Ku ja baya kamar taku sittin, ku jingina da gindin itace yadda surarku za ta ɓace a jikinsa, ku yi shiru na rabin sa'a. Minti goma na farko ba abin da zai motsa, domin dajin ya san kun shigo. Daga nan kurciya ta dawo, sai fakara, sai kurege ya sauko. In bika suna kusa za ka fara jin haushin babban namijin daga kan dutse kafin ka gan su. Jan biri kuwa a ƙasa yake yawo, kuma babu birin da ya kai shi gudu, in ya tashi ƙura kawai za ka gani. Kada ka yi gaggawar ɗaga waya. Ka fara gani da idonka, hoto ya biyo baya in ya samu.

Akwai abubuwan da ba a yi. Ba a ba biri abinci, domin birin da ya saba karɓa gobe ƙwace zai yi, jibi kuma gonar wani zai shiga a kashe shi. Ba a tsayawa a bakin rami: mugun dawa da baya yake shiga, haƙoransa na fuskantar waje, in ya firgita kai tsaye yake fitowa. Ba a cusa hannu cikin kogon itace ko ƙarƙashin dutse. Ba a ɗaukar ɗan dabba don an gan shi shi kaɗai, uwarsa na nan kusa. Leda da gorar ruwa, yadda suka shiga haka za su fito. Guntun taba ɗaya a Fabrairu ya isa ya cinye dajin da ya fi gari girma.

In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kasa ce ko kububuwa, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa mota. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya tamau. Tun kafin ku shiga ku tambayi wane babban asibiti ne mafi kusa yake da allurar dafi. A Tiga kuma a guji wanka a ruwan gefe mai ciyawa, saboda tsargiya.

Za ku iya cin karo da makiyaya. Ka yi sallama, ka gaida babba, ka tambayi lafiyar dukiya. Kada ka ɗauki hoton mata ko na shanu ba izini, kada ka tsaya ƙirga garke. Bafulatanin da aka girmama zai gaya maka inda ya ga mazo da safe, kuma ba ya kuskure.

Ƙarfe 11 na yi ku fito. Wanda ke da sauran ƙarfi da kwana, ya ƙara da Riruwai, hedikwatar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa. Duwatsunta sun cancanci yini guda, amma da ɗan gari, saboda tsofaffin ramukan haƙa.

Wanda ya ce sai goggon biri

Mai hali da ya ƙudurta ganin sa, hanya a buɗe take. Jirgin RwandAir yana tashi daga Legas zuwa Kigali, daga can zuwa Musanze tafiyar mota ce ta sa'a biyu zuwa uku. Izini ake fara saya, ta hukumar raya ƙasa ta Ruwanda ko ta kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, sannan a nemi ɗaki daidai da ranar. A Yuganda kuma Bwindi shiyya huɗu ce, Buhoma da Ruhija da Rushaga da Nkuringo, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa a kan dutse; wanda izininsa na Rushaga ne ya kama ɗaki a Buhoma ya yi asara. Ka tambayi farashin 'yan Afirka, domin ya fi na sauran baƙi sauƙi. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Watannin Yuni zuwa Satumba da Disamba zuwa Fabrairu sun fi ƙarancin ruwa. A Musanze akwai ƙananan masaukai masu tsabta, kuma birin da mai ɗakin dala dubu zai gani shi za ka gani. Ka ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba nauyi. Nijeriya ma tana da nata irin goggon birin a tsaunukan Afi da Mbe na Jihar Kuros Riba, amma su da na Kamaru gaba ɗaya ba su kai 300 ba, kuma ba a sabar da su da mutane ba, don haka ba a zuwa da niyyar ganin su.

Ga masu jari na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuwa, masaukin da yankin nan yake nema ba bene ba ne. Ɗaki shida na jar ƙasa da rufin ciyawa mai kyau, da sola, da rijiyar burtsatse, da masallaci, da madafar da ke tashi kafin asuba, a wajen iyakar gandun kuma da yardar hukuma, sun isa a fara. Ma'aikata su zama 'ya'yan garin, maharba su zama 'yan rakiya masu albashi, a kuma yanka wa garin kaso sananne a rubuce tun ranar farko.

Kai kuma mai niyyar zuwa, in ka dawo ka rubuta abin da ka gani da ranar da wurin, ka kai wa hukumar kwafi, domin da irin wannan ake sanin abin da ya rage a dajin. Takardar neman izini a fara ta tun Nuwamba.